Sanduna Ashirin da Awartakin Baba

Ku matso kusa, 'yan'uwana masu karatu. Yau za ku ji ranar da na yi abin da 'yar mutunci ba ta yi, na riƙe hannun mahaifina a gaban saurayina. Kafin ku yanke min hukunci, ku bari in kai ƙarshe.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Umaima, haifaffiyar Agege, 'yar Malam Sanda wanzami. A shekarar 2002 da abin ya faru, aikina zama ƙarƙashin lema a bakin titinmu da wayar salula guda ɗaya, jama'a suna zuwa suna kiran 'yan'uwansu. Lokacin salula sabuwar amarya ce a Legas, wanda ya riƙe ta har tafiyarsa sai ta canza. Wayar ba tawa ba ce, ta Anti Ramatou ce ƙanwar Innarmu, don haka duk saƙon da ya shigo min sai in karanta sau uku, in haddace, in goge kafin magariba.

Kada ku zaci irin saƙonnin nan ne na "hasken idona" da "tauraruwar zuciyata". Lamba ce kawai. Yau 7, bayan sati 8, wani lokacin a kwana goma ana maimaita 9. Anti Ramatou ta taɓa ganin ɗaya kafin in goge, ta taɓe baki ta ce, "Wannan saurayi ne ko ɗan caca?" Na yi dariya na bar ta a haka. Ba ta san duk lambar da ta ƙaru sai na yi sujadar godiya a bayan ɗaki ba.

Mai turo lambar shi ne Khamisu. Mutumin Funtuwa ne, yana sayen fatu a mayankar Oko-Oba, ya barbaɗe su da gishiri ya tura Kano. Shekara guda ya yi yana zuwa zance wurina, ga surutu ga tsokana, ba ya zuwa sai da ƙunshin tsire. Kwatsam ya ɓace wata bakwai, ya aiko cewa kasuwa ta riƙe shi a Arewa. Da ya dawo ban gane shi ba sai da ya yi sallama. Ya rame, ya aske gemunsa tas, hirami a naɗe a wuya ko da ana zafi, gorar ruwa a hannu kullum yana kurɓa. Surutun nan duk babu, maganarsa ta koma ta cikin haƙora. Na yi fushi, na yi yaji irin na 'yan mata, na ce ai wata ce ta shanye shi a can. Bai musa ba, ya yi murmushi da rabin baki.

Wata Talata ya zo lemata ya ce, "Umaima, ina so ki raka ni wurin likitar haƙori. Turancina bai wuce na ciniki ba, Yarbanci kuwa sai zagi na iya."

Na ce wa Anti zan je sayen katin waya, muka hau danfo, motar hayar Legas. Muna kujerar baya, kwandasta yana ta ihun Oshodi, Khamisu ya sassauta hiraminsa. Fatar wuyansa da ta muƙamuƙin dama ta yi duhu, ta yi santsi, ko gashi ɗaya babu.

Ya ce, "Ban je Arewa ba. A asibiti nake. Ciwon daji ne ya fito min a can bayan hanci. Sati shida suna kwantar da ni ƙarƙashin wani inji yana gasa wurin da haske. Sun ce ya kwanta. Ba su ce ya tafi ba." Ya kurɓi ruwa. "In kina so ki sauka a tasha ta gaba, wallahi ba zan riƙe ki a zuciya ba."

Na kafe ido a taga, don in na buɗe baki kuka zan yi, kuma ba na son matan cikin mota su samu abin kallo. Tasha ta zo, ta wuce. Wata ta zo, ta wuce. Sai na karɓi gorar daga hannunsa na riƙe masa. Amsar da na ba shi ke nan, kuma ya gane.

Likitar wata dattijuwar Bayarabiya ce mai furfura a goshi. Ta ɗaga hoton haƙoransa wajen taga ta nuna min turmin haƙorinsa na ƙasa ta dama. Shekara uku da suka wuce an taɓa yi masa aiki a Arewa, aka ƙwaƙule jijiyar haƙorin aka cike ramin. Ta ce cikon bai kai ƙarshen saiwa ba, ƙwayar cuta ta samu wurin ɓuya, yanzu da jikinsa ya yi rauni ta farka ta tara mugunya a gindi.

Khamisu ya ce, "Ki ce mata ta cire kawai a huta."

Likita ta ajiye hoton, ta dube ni. "Yarinyata, ki fassara masa wannan da kyau, kada ki rage ko kalma ɗaya. Hasken da ya ƙone ciwon ya bi ta kan muƙamuƙinsa. Ƙashin yana nan, amma jinin da ke ciyar da shi ya ragu. Ni da ke in an cire mana haƙori, ba a daɗewa rami ya rufe. Nasa zai iya ƙin rufewa, ƙashin ya fara mutuwa daga ciki, har ta kai a yanke wani ɓangare. Don haka haƙorin nan zai zauna. Zan buɗe tsohon cikon in kwashe, in wanke saiwar, in sake cikewa. Duk wanda ya ce zai cire, ku ƙi, ko da ni ce na manta na faɗa."

Na juyar masa da Hausa kalma bayan kalma. Ban taɓa sanin tafinta ma yana jin zafin maganar da ya ɗauko ba sai ranar.

Matsalar ita ce bakin. Hasken ya busar masa da yawu, shi ya sa gorar ruwa, ya kuma ƙage masa naman muƙamuƙi. Da ƙyar yatsa ɗaya ke shiga, turmin kuwa yana can ƙurya inda kayan aikinta ba za su kai ba. Ta ba shi ƙwayoyin da za su lafar da mugunyar, sannan ta buɗe durowa ta ƙirgo masa 'yan faffaɗan sandunan nan da likitoci ke danne harshe da su. Sha biyu suka rage mata. Ta ce ya riƙa jera su yana cusawa tsakanin haƙora safe da rana da yamma, in baki ya saba ya ƙara ɗaya. Ranar da ashirin suka shiga, ya dawo ta yi aikinta. A ranar bakwai ne suka shiga, su ma sai da hawaye ya fito masa.

Kun ji asalin lambar. Ni kuwa na zama mai bin masu askirim na keke, ina roƙon sandunan da ba a yi amfani da su ba, ina wankewa ina ajiye masa a gwangwanin madara don cike ashirin ɗin.

A gida fa, Inna ta sa min ido. Duk zuwan da zai yi sai ta ɓata lokaci a murhu, tuwon shinkafa miyar taushe, soyayyen nama a gefe, amma kwano ya dawo kusan yadda ya tafi, romo kawai ya shanye.

"Umaima, ko dai ƙyamar girkina yake yi?"

"Kunya ce, Inna."

"Kunya? Da can da yake share kwano har ya suɗe, ina ya ajiye kunyar? Mutum ya ɓace wata bakwai, ya dawo kamar an tsamo shi daga rijiya, ba ya ci, ba ya magana, ba ya turo manyansa. Ke kuma kin zauna kina washe baki."

Baba ma yana da nasa ƙorafin. Ya ce bai taɓa ganin mai neman 'yar wanzami yana kai kansa wurin masu aski da kilifa a Obalende ba.

Za ku ce me ya hana mu faɗi gaskiya. Yayar Inna wannan ciwon ne ya ɗauke ta a Maraɗi, Inna ce ta yi jinyarta, ita ta yi mata wanka. Tun daga nan ko sunansa ba ta kamawa, sai ta ce "mugun abin nan" ta tofar. Khamisu ya roƙe ni in yi haƙuri har a gyara haƙorin, bakinsa ya buɗe, ya je ya durƙusa ya faɗa wa Baba da kansa kamar namiji. Na yarda. Ashe ramin da muke haƙawa ƙurarre ne.

Baba ya aika masa ya zo ranar Juma'a bayan la'asar ya faɗi abin da ke ransa. Da safen ranar saƙo ya shigo: "11. Amma kunci ya tashi. Kada ki damu." Duk wanda ya ce maki kada ki damu, ya san akwai abin damuwa.

Na rufe lema da wuri. Na sa atamfata mai ganyen kuka, na ɗaura kallabi sau uku ina kwancewa, na yafa farin mayafi. Gidanmu irin na haya ne mai ɗakuna suna kallon juna, shagon Baba kuwa barandar gaba ce: tabarma, benci, tsohon madubi, da zabirarsa rataye a ƙusa. Khamisu ya iso cikin shadda ruwan toka, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa. Na fito da ruwa a kwanon sha, na tsuguna zan ajiye. Kuncinsa na dama ya kumbura har idon ya ƙanƙance.

Baba bai ko bari an gama gaisuwa ba. "Malam Khamisu, haƙori ne?"

"Ɗan kaɗan ne, Baba."

"Wannan ba kaɗan ba ne. Matso. Buɗe in gani."

Ya buɗe iya abin da ya samu. Baba ya karkata kai ya leƙa, ya ce kumburi ne ya riƙe bakin, ya sha ganin irinsa. Ya sauko da zabira. Ku sani, mahaifina shekara talatin yana aski da ƙaho da cire haƙori a Agege. Mahautan Oko-Oba layi suke yi masa, har Yarbawa suna kawo iyayensu. Hannunsa yana da sauƙi, kuma ya san da haka.

Ya ce, "Uwata, kawo tafasasshen ruwa da gishiri." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Ya zaro awartaki yana gogewa da farin ƙyalle. "A al'adarmu ba na sa ƙarfe a jikin mai neman 'yata. Amma kai ka zama ɗan gida. Kafin a kira magariba ka manta da wannan haƙorin."

Ɗan gida. Shekara biyu Khamisu yana jiran wannan kalma daga bakin Baba. Na ga yadda ta shige shi. Ya ɗago ido ya dube ni, ya girgiza kai kaɗan yadda ni kaɗai zan gani, wato in yi shiru. Sannan ya jingina ƙeya da bango, ya rufe ido, ya buɗe wa Baba bakin nan da muka yi wata uku muna lallaɓawa.

Wallahi na so in yi shiru. In na yi magana, asiri ya tonu, Inna ba za ta taɓa yarda ba, na rasa shi. In na yi shiru zan same shi, amma muryar likitar nan tana kunnena, kuma da bakina na fassara ta. Ban tafi ɗauko ruwan ba. Baba ya tallabe haɓarsa da hagu, ya kawo awartaki da dama. Ban san lokacin da hannuna ya kai wuyan hannunsa ba.

"Baba, don Allah kada ka taɓa shi."

Baba ya dubi hannuna, bai dubi fuskata ba. Na saki da sauri kamar na taɓa tukunyar da ke kan wuta. Na zube a gwiwa, na faɗi komai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗi ciwon da sunansa, na faɗi injin haske, da ƙashin da jini ya rage masa, da ramin da ba zai rufe ba, da sanduna ashirin. Daga bayan labule na ji Inna ta ja salati, wani abu ya faɗi daga hannunta.

Baba ya ajiye awartaki a kan ƙyalle. Ya sa hannu ya janye hiramin Khamisu, ya bi fatar da babban yatsansa a hankali, tun daga kunne har haɓa.

Ya ce, "Na ga wurin nan tun ranar da ka dawo. Gashi ba ya gudun fata haka kawai. Na ce ko ƙuna ce, na ja bakina." Ya dubi Khamisu ido cikin ido. "Da yarinyar nan ba ta yi magana ba, da ka bari na cire?"

Khamisu ya sunkuyar da kai. "Da na bari, Baba."

"Saboda me?"

"Ka ce min ɗan gida."

Baba ya janye hannunsa daga haɓarsa. Ya ce, "Ka so ka sa hannuna ya kashe maka ƙashi, in tafi da shi kabarina. Wannan ba biyayya ba ce. Tashi ka tafi."

Khamisu ya tashi, ya ɗauki takalminsa a hannu. Gorar ruwansa ya manta a gefen benci.

Kwana uku gidanmu kamar an yi rasuwa. Inna ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da ya fi min sauƙi. Tana tsefe min kai ranar Asabar sai na ji ɗigon hawaye a wuyana. Ta ce, "Na wanke yayata da hannuna, Umaima. Ba zan iya ganin ki cikin takaba kina da shekara ashirin ba." Na ce, "Inna, masu lafiya ma suna mutuwa." Ta ce, "Na sani. Amma su ba a zaune ake jiran ranarsu ba." Ni ma tsoron nan yana kwana da ni yana tashi da ni. Ina son Khamisu, kuma ina tsoron ranar da likitoci za su ce abin ya farka. Duka biyun gaskiya ne.

Baba kuwa ya daina ce min Uwata. In yana son ruwa sai ya ce, "A kawo ruwa." Waya ma ta yi shiru, Asabar babu lamba, Lahadi babu. Na zauna ƙarƙashin lema ina miƙa wa mutane waya suna hira da masoyansu, ni ina haɗiyar zuciya.

Ranar Litinin da safe Inna ta shigo ɗaki ba ta kalle ni ba, ta ce Baba ya ce in ba da katin likitar nan. Na zaro shi daga ƙarƙashin akwati. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure ya fita, bai dawo ba sai azahar. Da yamma na ga ya sari wani reshe daga gwaibar bayan gida.

Talata da hantsi ina shirin fita sai na ji ƙarar kankara daga baranda. Na leƙa. Baba yana zaune a tabarma, gilashi a kan hanci, askarsa mafi kaifi a hannu, yana fere icen gwaiba. Ya tsaga shi falle-falle, kowane ya yi masa faɗin yatsa biyu, ya goge gefen har ya yi santsi, ya ɗora shi kan ɗan'uwansa ya duba ko kaurinsu ɗaya. Gwangwanina na sandunan askirim yana gefe a buɗe, ban san yadda aka yi ya gano shi ba.

Bai ɗago ba ya ce, "Da wannan tarkacen na yara kuke so ku buɗe bakin namiji? Su karye masa a dasashi?"

Na tsuguna.

"Matar nan ta san aikinta," in ji shi. "Ta nuna min hoton. Na ce mata shekara talatin ina cire haƙori. Ta ce ita shekara talatin tana hana a cire. Ta ce a kai shi yau ta duba kumburin." Ya hure ƙurar icen. "Nawa ya kai?"

"Sha ɗaya, Baba."

Sai ga Inna ta fito da 'yar tukunya tana tururi. Idonta a kumbure, bakinta a ɗaure. Ta kwashe sandunan da ya gama ta zuba a tafasasshen ruwan tana gunaguni, wai in za a yi abu a yi shi da tsabta. Ta tsame su, ta shanya a sabon faifai. Da za ta koma ciki ta ajiye wani kwano mai murfi kusa da zabira, ta ce wa bango, ba ni ba, ba Baba ba, "Kunun gyaɗa ne. Ba ya buƙatar tauna."

Baba ya ƙirga sandunan ɗaya bayan ɗaya, ashirin cif. Ya naɗe su a farin ƙyalle. Ya buɗe zabira, ya zaro awartaki daga aljihun da ya shekara talatin a ciki, ya rataye shi a ƙusa, ya sa ƙunshin a gurbinsa. Ya ɗauki gorar Khamisu ya cika ta da ruwa.

"Ni zan riƙa yi masa da kaina, safe da yamma. Hannuna ya fi naku sanin muƙamuƙi." Ya saɓa zabira, ya tsayar da okada, babur ɗin haya, sannan ya juyo. "Uwata."

Hawayen da na riƙe kwana huɗu suka zubo. "Na'am, Baba."

"Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ba na karɓar maganar aure daga bakin da ba ya buɗuwa. Ranar da ashirin suka shiga, likita ta gama aikinta, ya zo ya roƙe ni da cikakken baki."

Okada ta tashi da shi ta nufi Oko-Oba, kwanon kunu a cinyarsa. Na je na buɗe lemata, na ajiye waya a kan tebur inda idona zai riƙa ganinta. Wajen la'asar ta yi ƙara, na danna.

"10. Kumburi ya ci ɗaya. Baba ya ce gobe da asuba zai dawo."

Wannan saƙon ban goge shi ba.